Yola da Jimeta: Birnin da Ke Sabunta Kansa da Ƙaura

Babban birnin Jihar Adamawa gari biyu ne masu amsa suna ɗaya. Akwai Yola ta asali, inda fadar Lamiɗo take, akwai kuma Jimeta a bakin Kogin Binuwai, kimanin kilomita 9 arewa maso yamma da ita, inda gidan gwamnati da bankuna da babbar kasuwa suke. Tun 1996 kowanne ke da ƙaramar hukumarsa, Yola ta Kudu da Yola ta Arewa, kuma ƙidayar 2006 ta ba kowace ɗaya mutum kusan 200,000. A kewayensu akwai ƙauyukan da birni ya riga ya cim ma ko yake gab da cim musu: Girei a ƙetaren kogi, Namtari da Ngurore a hanyar Numan, Mbamba a hanyar Fufore. Abin da ya fi fitowa fili a tarihin wurin shi ne, sabuntawa ba ta cika zuwa ta hanyar gyaran tsohuwar unguwa ba. Duk sa'ad da sabon arziki ya shigo, sai ya share sabon fili a gefe ya zauna, ya bar tsohon mazauni yadda ya same shi.

Ita kanta Yola da ƙaura aka kafa ta. Modibbo Adama ya karɓo tutar jihadi daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1809, ya fara zama a Gurin, bakin Kogin Faro. Daga can ya koma Ribadu wajen 1831, sannan Njoboli, wadda a yau ke cikin Yola ta Kudu, kafin ya yada zango a Yola a 1841. Ƙasar ta Bata ce da Verre. Wurin da ya zaɓa tudu ne mai fadama daga arewa da duwatsun Verre daga kudu, ga makiyaya, ga ruwa, ga kariya daga hari. Shekara shida kawai ya yi a sabon garin ya rasu a 1847, don haka ginin Yola a matsayin cibiyar Fombina, wato masarautar da ya kafa, aikin ɗansa ne, Lamiɗo Lawal, wanda ya yi mulki har 1872.

A zamanin Lawal ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Yola a watan Yunin 1851. Bai daɗe ba, domin ya zo ne da rakiyar mutanen Barno, Lamiɗo bai saki jiki da shi ba, ya sallame shi bayan 'yan kwanaki. Duk da haka bayaninsa shi ne mafi daɗewa da ake da shi a rubuce game da fasalin garin: buɗaɗɗen wuri ba ganuwa, gidaje masu faɗin tsakar gida, gonaki a tsakanin gidaje, mutane kimanin 12,000. Wanda ya saba da Kano ko Katsina zai ga bambanci nan take. Yola ba garin masu sana'a ba ce, babu marina da maƙera da dukawa masu cika unguwa guda kamar na Kano. Garin sarauta ne da malanta. Arzikinsa yana fitowa daga shanu, daga gaisuwar da ƙananan lamiɓe irin na Garwa, Ngaundere, Tibati da Banyo ke aikowa, da kuma rumde, wato ƙauyukan bayi masu noma wa manya. Bauta ita ce ginshiƙin wannan tsari, bayi ne ke noma abinci, su ne kuma babban kayan da ake aikawa Sakkwato. Kuɗin kashewa a kasuwa sawayen farin saƙi ne, wuri bai yaɗu ba sai daga baya.

Fatauci kuwa yana hannun baƙi. Fataken Hausawa daga Kano, Katsina da Zazzau, tare da Barebari, su ke shigo da riguna, turkuɗi, kanwa, gishiri da duwatsun ado, su fita da hauren giwa da bayi, daga baya da goron da ake samowa ta wajen Banyo. Wasunsu suka zauna, unguwar Wuro Hausa a cikin Yola ita ce shaidar wannan zama. Wannan rabon aiki yana da muhimmanci ga abin da ya biyo baya. Mai sarauta yana ɗaure da fada, amma ɗan kasuwa inda kaya ke sauka nan yake bi. Ranar da kaya suka daina zuwa a kan jaki suka koma zuwa ta ruwa, kasuwa ma sai ta tashi.

Wani jirgin ruwa mai tururi, Pleiad, ya hau Binuwai a 1854, amma bai kai Yola ba. Sai a shekarun 1880, zamanin Lamiɗo Sanda, kamfanin Turawan Ingila da ya zama Royal Niger Company a 1886 ya sami izinin ciniki. Izinin ma da sharaɗi: ba a ba su ƙasa ba, shagonsu wani tsohon jirgi ne da aka ɗaure a kan ruwa. Lamiɗo Zubairu, wanda ya hau a 1890, ya gane inda abin ya dosa, ya yi ƙoƙarin haɗa Turawan da junansu, har ya karɓi igwa biyu daga Bafaranshen nan Mizon. Bai hana komai ba. A 1893 Ingila da Jamus suka ja iyaka a takarda, suka bar Yola a ɓangaren Ingila, mafi yawan ƙasarta kuma a ɓangaren Jamus. Ranar 2 ga Satumban 1901 sojojin Kanar Morland suka ci garin, Zubairu ya fita, aka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu, daga baya aka kashe Zubairu a 1903.

Cikin 'yan shekaru Yola ta rasa ƙafafun da take tsaye a kansu. Gaisuwar lamiɓen kudu da gabas ta tsaya, domin sun koma ƙarƙashin Jamus, sannan Faransa. Cinikin bayi ya mutu, rumde suka riƙa watsewa a hankali. Abin da ya maye gurbi shi ne En'e da baitulmalinta, mai dogaro da haraji da jangali, mai biyan hakimai, alƙalai, malaman ofis da dogarai albashi. A 1926 aka haɗa lardunan Yola da Muri aka kafa Lardin Adamawa. Yola ta riƙe martaba da ilimi da sarauta, amma kuɗi ya koma bakin kogi.

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san wurin. Tsakanin Yola da ainihin kogin akwai fadama mai faɗi, jirgi ba ya iya matsowa. Jimeta kuwa, wadda asalinta ɗan ƙauyen Bata ne, tana zaune a kan gaɓa. Nan Turawan mulki suka gina ofisoshi da barikinsu, nan kamfanonin Niger Company, wanda ya shiga cikin UAC a 1929, da John Holt suka kafa kanti da sito. Binuwai ba ya ɗaukar manyan jirage sai daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Oktoba, saboda haka shekarar Jimeta gaba ɗaya a kan waɗannan watanni uku take juyawa. Duk rani ana tara gyaɗa, auduga, ƙiraga, fatu da ƙaro a sito. Ruwa na cikowa jirage su iso daga Burutu da Warri ɗauke da gishiri, atamfa, kananzir, kwanon rufi da siminti, a sauke, a loda, su juya kafin ruwa ya janye. Wasu su zarce Garwa, domin arewacin Kamaru ma ta wannan kogi take samun kayanta. Jirgin da ya yi jinkiri ya kafe a rairayi, sai wata daminar. A lokacin lodi gari kan cika da 'yan dako, masu abinci, dillalai da masu masauki. Bayan Oktoba kasuwa ta lafa.

Wannan aiki ya tara mutane iri-iri: Hausawa da Barebari 'yan kasuwa, Nufawa da Jukunawa masu jirgi da su, Bata, Bachama, Verre, Kilba, Margi, Chamba da sauran ƙabilun lardin masu neman aiki, da Ibo da Yarbawa akawu, direbobi da masu kanti. Sunayen unguwannin tsohuwar Jimeta, irin su Limawa, Alƙalawa, Gwadabawa, Yelwa da Nassarawo, tare da Luggere, Doubeli da Rumde, suna nuna yadda Hausa da Fulatanci suka gauraya. A Yola Fulatanci ne harshen gida da fada, a Jimeta Hausa ta zama harshen kasuwa da titi. A 1935 aka sa Jimeta ƙarƙashin mulkin Yola kai tsaye, a 1955 ta sami majalisarta. Amma tsarin gari na sosai, mai faffaɗan titi da magudanar ruwa, unguwar Turawa kaɗai ta samu. Unguwannin talakawa sun tashi ne gida bayan gida, lungu bayan lungu, kuma yawancin matsalolin cunkoso da kwata da ake kuka da su a yau tun lokacin aka shuka su. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa ba. Layin da aka kammala a 1964 ya bi ta Gombe ya wuce Maiduguri.

Kogin bai mutu rana ɗaya ba. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsinke zirga-zirga a ƙasan Kogin Neja. Titunan kwalta da gadoji suka sa babbar mota ta fi jirgi, tun da ita ba ta jiran damina. Fari da cutar gyaɗa a tsakiyar shekarun 1970 suka kashe babban kayan da ake fitarwa. Sannan Kamaru ta kammala madatsar Lagdo a 1982, yanayin cikar kogin ya sauya, rairayi ya riƙa cike hanyar jirgi. Abin da ya saura a bakin ruwan Jimeta shi ne kwalekwale, masunta, masu ɗiban yashi da ƙananan jiragen inji masu kai kaya Garwa idan ruwa ya cika.

Da ba don siyasa ba, da Jimeta ta bi sahun sauran tashoshin Binuwai irin su Ibi, waɗanda suka dushe bayan tafiyar jirage. A 1967 lardin ya shiga Jihar Arewa maso Gabas mai hedkwata a Maiduguri, ranar 3 ga Fabrairun 1976 kuma gwamnatin Murtala Muhammed ta ƙirƙiro Jihar Gongola, ta sa Yola hedkwata. Wannan ya zo daidai da ganiyar kuɗin man fetur. Kamfanin tsara birane na Max Lock ya riga ya yi nazarin Yola da Jimeta a tsakiyar shekarun 1970, kuma taswirarsa ce aka daɗe ana ambata a matsayin jagora. Sabon ginin bai shiga Limawa ko Wuro Hausa ba. Ya sauka a filin da ke tsakanin garuruwan biyu da gefen Jimeta: gidan gwamnati a Dougirei, sakatariya a hanyar Yola, gidajen manyan ma'aikata a Karewa, rukunin gidaje a Bekaji, daga baya gidajen Shagari masu sauƙin kuɗi a ɓangaren Yola. Ƙaura ta uku ke nan idan aka haɗa da ta Modibbo Adama: daga fada zuwa bakin kogi, daga bakin kogi zuwa ofis. Arzikin gari ya koma albashi. Tun daga lokacin ɗan kasuwar Jimeta ya daina kallon cikar ruwa, ya koma sauraron ƙarshen wata.

Hukumomin tarayya ma suka zo da nasu. Kwalejin Ilimi ta Tarayya tana Jimeta. Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1981 kuma a yau take amsa sunan Modibbo Adama, ta zauna a Girei, ta ja gine-gine zuwa ƙetaren gada. Hukumar Raya Kogin Binuwai na Sama, ɗaya daga cikin hukumomin raya koguna da aka kafa a 1976, ta gina hedkwatarta a Mbamba, kuma wannan ne ya fara haɗa ƙauyen da harkar birni. Daga ayyukan wannan hukuma, noman rani na tafkin Gerio a gefen Jimeta yana cikin 'yan abubuwan da suka ba talaka sana'a ta kansa maimakon jiran gwamnati. Shinkafa, masara, tumatir, alayyafo da sauran kayan miya da ake nomawa a can suna ciyar da kasuwannin gari, suna kuma riƙe da jerin mutane daga mai fartanya zuwa mai injin ban ruwa, mai casa da mai talla. Ba a cika lissafa Gerio cikin ayyukan raya birni ba, alhali kuwa ya fi gine-gine da yawa amfani. Babbar masana'anta ta zamanin, kamfanin sukari na Savannah da madatsar Kiri mai ba shi ruwa, tana wajen Numan ne, nesa da birnin.

Karo na farko da aka sake gina wani sashe na tsakiyar Jimeta, masifa ce ta tilasta. A ƙarshen Fabrairun 1984 mabiya Maitatsine ƙarƙashin Musa Makaniki suka tayar da rikici a garin. Kafin soja su murƙushe su ɗaruruwan mutane sun mutu, dubbai sun rasa matsuguni, babbar kasuwa ta ƙone. Kasuwar zamani ta Jimeta, mai shagunan bulo jere-jere, ita ce ta zama cibiyar ciniki daga baya. A nan aka ga abin da kan biyo bayan sabunta kasuwa a kusan kowane birnin Arewa. Rumfar zana ba ta da tsada, shagon bulo kuwa sai mai jari. Rabon shaguna kan faɗa hannun masu hali, su kuma su ba da haya, mai ƙaramin jari ya fito bakin titi da tebur ko baro, hukuma ta bi shi da kora. Kasuwar cikin Yola ma gobara ta sha cinye ta. Shekarun da suka biyo baya na tsuke bakin aljihu ne: shirin SAP na 1986 ya karya darajar albashi, a ranar 27 ga Agustan 1991 kuma aka raba Gongola gida biyu, ma'aikatan Taraba suka kwashe suka nufi Jalingo.

Akwai wani arziki da ba ya shiga littafin gwamnati sosai, shi ne na iyaka. Iyakar da ta yanke Yola daga ƙasarta a 1893 ita ce kuma ta zama hanyar abinci ga dubban mutane. Shanu suna shigowa daga Kamaru da Chadi zuwa kasuwannin Mubi da Ngurore, a loda su a tirela zuwa kudu. Kayan masarufi, robobi, siminti da kayan gyaran mota suna fita. Sama da duka akwai man fetur: a zamanin da gwamnati ke biyan tallafi, mai ya fi araha a Najeriya nesa ba kusa ba, jarkoki kuma suna ƙetarawa ta mota, ta babur, ta kwalekwale. Yawan gidajen mai a hanyoyin da suka nufi iyaka ba buƙatar motocin gari ce ta kawo shi ba. Masu canjin sefa a Jimeta su ma da wannan ciniki suke rayuwa. Rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da janye tallafi a 2023, sun taɓa aljihun birnin fiye da yadda alƙaluman hukuma za su nuna.

Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 wani sabon abu ya faru: jari mai zaman kansa ya sauka a ɓangaren Yola, wanda ya shekara kusan ɗari yana kallon Jimeta na cin kasuwa. Atiku Abubakar, mataimakin shugaban ƙasa a lokacin, ya kafa jami'ar da a yau ake kira Jami'ar Amurka ta Najeriya, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 2005, a kan titin Lamiɗo Zubairu. Kamfaninsa mai yin ruwan Faro da gidan rediyo da talabijin na Gotel su ma suna birnin. Ana iya muhawara kan yawan 'yan gari da ke iya biyan kuɗin irin wannan makaranta, amma tasirinta a kan ƙasa ba abin musu ba ne. Otal-otal, gidajen haya, shaguna da makarantun kuɗi suka bi ta, farashin fili a kewayen Yola ya tashi, gini ya miƙa ta hanyar Fufore.

Sai 2014. A ƙarshen Oktoban wannan shekara Boko Haram ta kama Mubi, gari na biyu a jihar, bayan Madagali da Michika. Dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo Yola. An buɗe sansanoni a Damare, Malkohi da Fufore, cocin Katolika na Saint Theresa a Jimeta ya karɓi dubbai, jami'ar Amurka da ƙungiyar shugabannin addinai da ta haɗa suka yi ta rabon abinci. Amma mafi yawan masu gudun hijira ba su shiga sansani ba, gidajen 'yan'uwa da abokan arziki suka sauka, gida mai mutum goma ya koma ɗaukar arba'in. A 2015 bama-bamai suka tashi a kasuwar Jimeta a watan Yuni, a sansanin Malkohi a Satumba, a wani masallacin Juma'a na Jambutu a Oktoba, da wata kasuwar kayan gwari a Nuwamba. Bayan an ƙwato garuruwan arewa da yawa sun koma, da yawa kuma ba su koma ba. 'Yan kasuwar Michika da Mubi, waɗanda aka san su da ƙwazon ciniki, sun buɗe shaguna, sun sayi filaye a bayan gari. Ƙungiyoyin agaji na duniya suka kama ofisoshi, kuɗin haya ya hau. Tun kafin wannan, a zamanin Gwamna Murtala Nyako, an hana acaɓa a birnin saboda tsaro, Keke Napep ta maye gurbinsa, ta zama ɗaya daga manyan hanyoyin samun abincin matasa.

Aikin da mutane ke kira sabunta birni a yau ya fara ne bayan wannan. Gwamna Jibrilla Bindow, daga 2015 zuwa 2019, ya mai da hankali kan titunan cikin unguwa da magudanan ruwa a Jimeta da Yola, wasu lungunan ma a lokacin suka fara ganin kwalta. Ahmadu Umaru Fintiri, wanda ya gaje shi, ya ɗauko manyan ayyuka: gadar sama a mahaɗar Total, gadar sama da ta ƙasa a shataletalen 'yan sanda, faɗaɗa manyan tituna, da rukunin gidaje a Malkohi. Fuskar Jimeta ta sauya ƙwarai. Sai dai ayyukan biyu ba iri ɗaya ba ne wajen amfani ga ƙaramin mai sana'a. Titin unguwa yana kai keke da motar kaya ƙofar shago, yana ɗaga darajar gida, yana sa mai tela da mai injin niƙa su sami abokan ciniki har da damina. Gadar sama tana rage cunkoso, amma tana ɗauke mota daga gaban shagunan da ke ƙarƙashinta, faɗaɗa titi kuma ba ya yiwuwa sai da rusau da takaddamar diyya. Manyan kwangiloli ma yawanci kamfanonin waje ke ci, rabon 'yan gari shi ne leburanci, yashi da tsakuwa.

A Mbamba da makamantanta ake ganin yadda birnin ke girma a zahiri. Mbamba ɗaya ce daga mazaɓu 11 na Yola ta Kudu, ƙasar noma da kiwo a kan hanyar da ta nufi Fufore, Gurin da iyakar Kamaru. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, amma abin da aka fi yi a aikace daban ne. Mai gona ko magadansa su yanka gonar fuloti-fuloti, dillali ya kawo mai saye, mai unguwa ya shaida, a rubuta takardar ciniki. Takardar mallaka ta gwamnati tana da tsada da ɗaukar lokaci, mutane da yawa ba sa nema. Mai saye ya kewaye da bulo, ya yi ɗaki biyu, ya tare, sauran ginin ya jira albashi ko riba. Gida ke riga titi zuwa, titi ya riga magudana. Ruwan famfo ba ya kaiwa, mai hali ya haƙa burtsatse, marar hali ya saya wajen 'yan garuwa. Turakun lantarki ma sau da yawa mutanen unguwa ke haɗa kuɗi su saya. Wannan gini yana samar da aiki na gaske ga magina, masu buga bulo, kafintoci, masu walda da direbobin tifa, kuma yana cikin manyan sana'o'in birnin. Asararsa ita ce gona da burtali. Manomin da ya sayar ya ci kuɗin sau ɗaya, makiyayi ya iske katanga a hanyar da kakanninsa ke bi zuwa mashaya.

Ruwa ne ke fallasa wannan irin girma. Fadamar da ta kare Yola a zamanin Modibbo Adama, da rafin Chouchi da ke tsakanin garuruwan biyu, wuraren kwanciyar ruwa ne, yanzu kuwa gidaje sun ci wani sashe nasu. Tafkin Njuwa, inda aka saba bikin kamun kifi, ƙasa ta cike shi har bikin ya daina gudana yadda aka saba. A 2012 da 2022 sakin ruwa daga Lagdo, haɗe da mamakon damina, ya mamaye unguwanni da gonakin bakin Binuwai. Ambaliyar ƙarshen Yulin 2025 kuwa ba daga kogin ta taso ba: ruwan sama na dare ɗaya ya gangaro, ya iske hanyoyinsa a toshe, ya shiga Shagari, Sabon Pegi, Yolde Pate da maƙwabtansu a Yola ta Kudu, ya kashe fiye da mutum 20. Yawancin wuraren da abin ya shafa unguwanni ne da suka tashi ko suka cika bayan 1976.

Tsofaffin unguwannin Jimeta da na cikin Yola sun sami kwalta a manyan lungunansu, amma ba a taɓa yi musu gyara na gaba ɗaya ba, irin wanda zai haɗa ruwan sha, kwata, shara da takardun gida. Gidajen gado ne masu magada da yawa, ba mai iya sayarwa shi kaɗai, ba kuma mai son zuba kuɗi a abin da ba nasa shi ɗaya ba. Wanda ya samu sai ya sayi fuloti a bayan gari. Kuɗin da jihar ke tarawa a cikin gida ƙaramin kaso ne na abin da take kashewa, saura daga asusun tarayya yake zuwa, don haka saurin gini yana bin hawa da saukar kason wata-wata. Masana'antu kaɗan ne, mafi yawansu na ruwan sha, abincin dabbobi, casar shinkafa da burodi. Madara, nama da fatun jihar da ke cikin masu yawan shanu a Najeriya har yanzu galibi ɗanye suke fita, ko a kan ƙafa. Yashe Binuwai domin jirage su dawo yana cikin alkawuran da gwamnatocin tarayya suka sha maimaitawa, haka ma madatsar Dasin Hausa a ƙaramar hukumar Fufore, wadda aka tsara tun shekarun 1980 don ta tare ruwan Lagdo, ta ba da lantarki da ruwan noman rani. Ba a gina ta ba.